Yadda za ku tsara wa yara dogon hutu: karatu, kallo da fita, daga ƙanana har 'yan jami'a

Duk shekara in dogon hutu ya zo abu biyu ake yawan gani a gidaje, ko dai a tura yaro lesin tun safe har yamma kaman ba hutu aka ba shi ba, ko kuma a miƙa masa waya da rimot a ce ya je ya huta, sai ranar komawa makaranta a tambaye shi bakwai sau takwas nawa ne ya tsaya yana kallon silin. Ni a ganina duka biyun an tauye yaron, na farko an ƙwace masa hutun da yake buƙata, na biyu kuma an bar shi shi kaɗai da allo. Abun da nake so mu yi magana a kai shi ne yadda za a haɗa littafi da kallo da fita waje su zama abu ɗaya, a kan wani abu da yaron da kansa yake son sani, ku kuma iyaye da yayye aikinku ku zauna ku yi hira da shi a kai.

Mantuwar hutu ba zance ba ne kawai na malamai. A 1996 wani masani a Amurka, Harris Cooper, shi da abokan aikinsa sun tattara binciken da aka yi a baya kan lamarin, suka ga a matsakaici yaro kan koma baya da kusan karatun wata guda a dogon hutu, kuma inda abun ya fi tsanani shi ne lissafi da rubuta kalmomi daidai, wato abubuwan da sai ana maimaitawa suke zama. A ɓangaren karatu kuma sai suka ga bambanci, yaran gidajen masu hali ba sa komawa baya sosai, wasu ma gaba suke yi, yaran marasa ƙarfi su ne ke asara. Daga baya wasu masana sun yi jayayya kan girman asarar, amma dai babu malamin firamare da zai ce muku bai san wannan matsalar ba a makon farko na sabon zango.

Mataki na farko: ku bar su su huta, sannan ku tambaye su

Makon farko kar ku kawo maganar jadawali ko kaɗan, yaron da ya fito daga jarrabawa a gajiye yake, ya yi barci ya yi wasa ya yi gundura ma, don daga gundurar ne yara ke ƙirƙiro wasanninsu. Ku dai ku sa ido a wannan makon, me yake yi in babu wanda ya sa shi? Wani za ku ga ya kwance tsohuwar rediyo yana leƙa cikinta, wata tana zane a bayan kowace takarda da ta samu, wani kuma ba shi da zance sai ƙwallo, wata tambayarta kullum a kan jirgin sama. Toh wannan abun shi ne ƙofarku.

Sai a ƙarshen mako ku zauna da kowane yaro shi kaɗai, minti goma ya isa, ku ce masa ya faɗi abu uku da yake so ya sani ko ya iya kafin a koma makaranta. Kar ku gyara masa zaɓi, in ya ce macizai toh macizai ne. Ku rubuta a takarda ku manna a bango inda kowa zai gani, ku ma ku rubuta naku a ƙasa, saboda yaron da bai taɓa ganin babba riƙe da littafi ba da wuya ya yarda karatu abun jin daɗi ne.

Mataki na biyu: karatu, kuma nan ne zan daɗe

Ku ware lokaci ɗaya tak a rana wanda ba ya canjawa, minti 20, ko da safe kafin a kunna komai ko da dare kafin barci, kowa a gidan ya ajiye waya har da ku. Minti 20 kaman ba komai ba, amma a hutun mako shida awa 14 ke nan na karatu, kuma ya fi a ce ranar Asabar a zaunar da yaro awa uku yana hamma.

Wa zai zaɓi littafin? Yaron. Na san wannan yana yi wa iyaye da yawa wuya, mutum yana ganin ga littafi mai amfani yaro ya tsallake ya ɗauko na barkwanci mai zane-zane, amma ku ji abun da aka gwada. A jihar Florida, Richard Allington da Anne McGill-Franzen sun bai wa yaran firamare 'yan gidajen talakawa damar zaɓar littafi 12 kyauta kafin kowane dogon hutu har shekara uku a jere, ba lesin ba malami ba komai, littattafai kawai waɗanda yaran suka zaɓa da hannunsu, kuma da yawansu na taurarin talabijin da mawaƙa suka ɗauka. Da sakamakon ya fito a 2010 sai ga yaran sun fi takwarorinsu da ba a ba su ba a jarrabawar karatu, kuma waɗanda suka fi talauci su suka fi amfana. Don haka littafin da yaro ya karanta har ƙarshe don yana so ya fi mai nauyin da ya kwana a ƙarƙashin filo ba a buɗe ba.

Abun da ya rage muku shi ne ku duba ko littafin ya yi daidai da ƙarfinsa, kuma akwai gwaji mai sauƙi da malamai ke yi da yatsu biyar. Ku buɗe shafi ɗaya a tsakiya ku ce ya karanta da ƙarfi, hannunsa a dunƙule, duk kalmar da ta gagare shi ya miƙe yatsa ɗaya. In ya gama shafin yatsa ɗaya ne a miƙe ko babu, littafin ya yi masa sauƙi, ba laifi ya karanta don nishaɗi. Biyu ko uku shi ne daidai. In yatsu biyar sun miƙe tun bai kai ƙasan shafi ba, za ku ga ma muryarsa ta fara ƙanƙancewa yana satar kallonku, toh wannan ba a jefar da shi, ku ne za ku riƙa karanta masa shi da dare yana saurare, don kunnen yaro yana gaba da idonsa nesa ba kusa ba, zai fahimci labarin da bai iya karantawa da kansa ba tukun.

Ƙananan da ba su fara karatu ba, 'yan shekara biyu zuwa biyar, ba karanta musu kawai ake yi ba, hira ake yi a kan hoto. Wani masanin halayyar yara, Grover Whitehurst, ya gwada wannan salon a 1988 ya ga yana ƙara wa yara kalmomi. Ga yadda yake, ki ɗora yarinya a cinya ki nuna hoto ki ce "Mene ne wannan?" ta ce "Kare," ki ce "Ƙwarai, baƙin kare ne yana gudu, ina kike ga za shi?" ta ce "Gida," ki ce "Me ya sa yake sauri haka?" Kin ga ta faɗi kalma ɗaya kin mayar mata da jimla, sannan kin sake jefa mata tambaya. In ta ce "Mama a sake" a kan littafin da kuka karanta jiya da shekaranjiya, ki sake, maimaicin nan shi ne karatunta.

'Yan shekara shida zuwa takwas ku riƙa karɓa-karɓa, shafi nasa shafi naku, kuma in ya yi tuntuɓe a kalma ku ɗan ƙirga biyar a zuci kafin ku faɗa masa, sau da yawa zai ciro ta da kansa. Daga tara zuwa sha biyu lokacin littattafai masu kashi-kashi ne, in ya kamu da na farko shi zai riƙa binku a nemo na biyu, kuma a wannan shekarun ne yaran da ba sa son ƙagaggen labari ke kamuwa da littafin gaskiya, na dabbobi, na injina, na tarihin 'yan wasa, na sararin samaniya, duk karatu ne. Kuma dan Allah kar a raina littafin harshen gida, yaron da ya ƙware a karatu da harshen uwa wannan ƙwarewar tana binsa zuwa kowane harshe, a haɗa masa duka biyun.

In littafi ya yi wuyar samu, laburare ne farko, a yi wa kowane yaro katinsa da sunansa. Sai musaya, gida biyar kowa ya kawo littafi huɗu an samu ashirin ke nan suna zagayawa. A intanet kuma akwai African Storybook da wata ƙungiya mai suna Saide ta Afirka ta Kudu ta kafa, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya wanda aka buɗe a 2015, duka biyun kyauta ne, akwai labaran yara masu hoto a harsuna masu yawa har da Hausa, an jera su daki-daki gwargwadon ƙarfin mai karatu, kuma ana iya saukewa a karanta ba data ko ma a buga a takarda, ni na fi son a buga in da hali. Manya kuma ga Project Gutenberg, wani laburaren intanet da aka fara tun 1971, yana da tsofaffin littattafai sama da 70,000.

Abu ɗaya da ke kashe karatun hutu shi ne a mayar da shi jarrabawa, yaro ya rufe littafi a ce toh rubuta min taƙaitawa shafi biyu. Ku bari. Ku tambaye shi kaman yadda za ku tambayi aboki, wa ya fi ba ka haushi a labarin, da kai ne me za ka yi, ni ma in karanta ko kar in ɓata lokacina? In littafi ya gundure shi bayan ya ba shi dama ta shafi talatin ko arba'in, ya ajiye ya ɗauki wani.

Lissafi kuma tunda shi ya fi saurin zubewa, minti goma sau uku a mako ya wadatar, kuma ba lallai a takarda ba, wasan ludo da dara da kati, auna tsawon ɗaki da taku, ƙirga saura kwana nawa a koma makaranta, ko a ba shi taswira ya lissafa nisan tafiya.

Mataki na uku: kallo

Ba na cikin masu cewa a kulle talabijin a kwabad har hutu ya ƙare, fim mai kyau yana kai yaro ƙarƙashin teku da cikin dutse mai aman wuta inda ba za ku taɓa iya kai shi ba. Amma akwai iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kar a zaunar da su gaban allo sam, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Waɗanda suka girmi haka ku za ku yanke, kuma ku yanke tare da su tun farkon hutu ba kullum a tsakiyar faɗa ba. Dokokin da na ga sun fi riƙuwa guda uku ne, ba allo sai an yi karatun ranar, ba waya a ɗakin barci da dare, sannan a san abun da za a kalla kafin a kunna.

Wannan ta ukun ita ce babba. Akwai bambanci mai girma tsakanin yaron da ya ce "Baba yau zan kalli shirin nan na giwaye" ya kalla ya ƙare ya tashi, da wanda ya zauna yana ture gajerun bidiyo da yatsa awa biyu in ka tambaye shi me ya gani ba zai iya kawo ko ɗaya ba. Ku shiga saitin YouTube da sauransu ku kashe abun nan da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, ƙananan a buɗe musu ɓangaren yara, kuma ku tuna Facebook da TikTok da Instagram su da kansu sun ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi, don haka in ɗan shekara tara yana ciki wani babba ne ya buɗe masa ƙofa.

Sai wata dabara da mutane ba su cika sani ba, ku kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, a harshen da ake magana da shi a fim ɗin. Wani malami a Indiya, Brij Kothari, tun 1996 ya fito da dabarar sa rubutun waƙoƙi a talabijin da harshen da ake rera su, aka ga masu raunin karatu suna samun ci gaba, don ido ba ya iya ƙin bin rubutun. Yaronku na kallon katun yana karatu bai sani ba.

Ko sau ɗaya a mako ku zauna ku kalla tare, ku riƙa tsayar da fim ɗin a tsakiya kuna tambaya, me kake ga zai faru, wannan gaskiya ne ko haɗawa aka yi da kwamfuta, wa ya ɗauki hoton kuma a ina ya tsaya? In labarin yana da littafi kuma yana da fim, a fara karantawa sannan a kalla, sai a yi musu kan abun da masu fim suka yanke, wannan musun yana da daɗi sosai da 'yan sakandare. Wanda kuma ba ya rabuwa da wasan kwamfuta ku nuna masa Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta fitar a 2007 kyauta don 'yan shekara 8 zuwa 16, ya koyi haɗa nasa wasan.

Mataki na huɗu: fita

Ba sai an hau jirgi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, kuma hasken waje yana da amfani ga ido, a Taiwan daga 2010 aka fara ƙarfafa makarantu su riƙa fitar da yara waje minti 120 kullum, sai matsalar rashin hangen nesa da ta yi shekaru tana hauhawa ta fara sauka. Toh fita iri biyu ce, ƙarama ta kullum a kusa da gida, da babba sau ɗaya a mako ko mako biyu.

Babbar ita ce gidan adana kayan tarihi, gidan namun daji, lambun itatuwa, gona, tashar jirgin ƙasa, gidan rediyo, maɗaba'a, ko wurin aikin wani mai sana'a da kuka nemi izininsa, kafinta ko makaniki ko tela, yara suna son ganin babba yana aiki da hannunsa fiye da yadda muke zato. Kafin a tafi ku bincika ranakun buɗewa da ko akwai rangwamen ɗalibai, sannan kowane yaro ya rubuta tambaya uku da yake so ya dawo da amsarsu. In an isa kar ku ce sai an zagaye ko'ina, ƙananan ba sa wuce awa ɗaya da rabi kafin ƙafa ta gaji rai ya ɓaci, gara a tsaya gaban abu biyar a kalle su da kyau. Ku ba shi ƙaramin littafi da fensir ya zana abu ɗaya, zane yana tilasta wa ido ya lura, yaron da ya zauna zana raƙumin dawa shi zai gano harshensa baƙi-baƙi ne kuma sai ya wage ƙafafun gaba kafin ya kai ga ruwa, wanda ya ɗauki hoto ya wuce bai ga wannan ba. In mai kula da wurin yana kusa, yaron ya yi tambayar da bakinsa, ku ku ja baya.

A rubuta lambar wayarku a takarda a sa wa ƙananan a aljihu, a nuna musu inda za a haɗu in an rabu, a ɗauki ruwan sha. In kuma wurin akwai kogi ko tafki ko wurin ninƙaya, babba ɗaya aikinsa ido a kan yara kawai, ba waya ba hira, nutsewa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe yara a duniya kuma shiru take faruwa ba ihu.

Ƙaramar fita kuwa ko sisi ba ta ci. A bi layin tururuwa a ga ina ya nufa, a shuka iri a gwangwani a riƙa auna tsawonsa da rula, a riƙa zana wata kowane dare a ga yadda yake cika yana raguwa cikin kusan kwana 29 da rabi. In hutunku ya haɗa da Agusta, wajen daren 12 zuwa 13 ne zubar taurarin da ake kira Perseids ke kaiwa ƙololuwa, ƙurar wani tauraro mai wutsiya ce, Swift-Tuttle, take ƙonewa in ta shigo iskar duniya, a samu wuri mai duhu bayan tsakar dare in babu hadari, a kashe fitila da waya a ba ido kaman minti 20 ya saba. Manhajar Stellarium kyauta ce za ta gaya muku sunan duk abun da kuka nuna.

Mataki na biyar: ku ɗaure su wuri ɗaya

Ku koma kan takardar nan ta bango. A ce 'yarku ta rubuta jirgin sama, toh mako biyu na jirgi ne, a nemo littafi a kai, a kalli shirin yadda ake ƙera shi, a je kusa da filin jirgi a ga tashi da sauka, a dawo a ninke jiragen takarda iri uku a auna wanne ya fi nisa kuma me ya sa. Karatu ya shiga, lissafi ya shiga, kimiyya ta shiga, kuma kalmar da ta gani a littafi ta ji ta a fim ta sake ganinta da ido, da wuya ta manta. A ƙarshe ta tsaya gaban 'yan gida ta yi bayani minti biyar, ƙannenta su yi mata tambayoyi. In yaran suna da yawa kuma shekarunsu sun bambanta a ɗauki jigo ɗaya kowa ya shiga da ƙarfinsa, ƙaramin ya yi zane, na tsakiya ya karanta, babban ya binciko tarihin.

'Yan sakandare da 'yan jami'a ba a tsara musu, shawara ake yi da su, in kuka matsa za su bijire. Abun da ya fi dacewa da su aiki ɗaya ne babba da za su iya nunawa a ƙarshe, koyon sana'a a wurin wani na mako uku ko huɗu, aikin sa kai, koyar da ƙananan unguwa karatu wanda shi ma yana ƙarfafa nasu, kwas na kyauta a shafin intanet na Khan Academy a darasin da ke ba su wuya, ko su ɗauki waya su yi hira da kaka mace ko namiji a kan rayuwarsu tun ƙuruciya su naɗa su rubuta, wannan kam duk gidan zai gode musu wata rana. Ɗan jami'a ya karanta littafi biyu da ba su shafi fanninsa ba ko kaɗan, mai injiniya ya karanta tarihi, mai shari'a ya karanta kimiyya. Wanda ke da babbar jarrabawa a gaba ya yi awa ɗaya ko biyu da safe yana amsa tsofaffin tambayoyi littafi a rufe, ya fi sake karanta darasi sau goma, sauran ranar kuma tasa ce.

Saura mako biyu a koma

A nan sai a fara gyara barci, don shi ne ya fi lalacewa a hutu. Masana barci a Amurka sun ce 'yan shekara 6 zuwa 12 suna buƙatar awa 9 zuwa 12, 'yan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10, kuma ba a dawo da shi a dare ɗaya, ku riƙa matso da lokacin kwanciya da na tashi da minti 15 duk bayan kwana biyu, a ajiye allo awa ɗaya kafin barci. A ciro littattafan zangon da ya wuce a leƙa lissafi kaɗan-kaɗan, a mayar da na laburare da na aro, sannan kowane yaro ya zaɓi littafi ɗaya da zai ci gaba da shi a wancan minti 20 ɗin ko bayan an koma makaranta.